Kafin ki ƙwace tocilar daga hannunsa

In a gidanki akwai yaron da ba a ajiye tocila inda hannunsa zai kai, wanda ya taɓa kwance rimot ɗin talabijin don kawai ya ga abin da ke ciki, wanda in kin zo wanki sai kin zazzage guntayen waya da matattun batura daga aljihunsa, to da ke nake magana yau. Irinsa gare ni. Ɗan fari ne, sai ki yi mini uzuri ba zan kama sunansa ba. Yayansu za mu riƙa ce masa.

Shekararsa 11. Karatun maigida ne ya ɗauko mu daga Zariya ya kawo mu arewacin Ingila, yau shekara uku ke nan. A gida yaron nan ba ya zama, sai magariba ake nemo shi, ƙafa duk ƙura. A nan kuwa, a watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, ga sanyi, ga ruwa, ba dandali, ba ƙofar gida, ba 'yan unguwa. Ya dawo makaranta ya shige ɗaki ya rungumi waya. In kin tambaye shi wa ya yi wasa da shi yau, sai ya ɗaga kafaɗa. Kin san yadda wannan shirun yake a zuciyar uwa. Gara mini ɓarnar da yake yi a da sau goma.

Mutanen ƙasar nan suna da wani abin sha'awa da ban taɓa sanin manya na yi ba: ƙananan jiragen ƙasa. Ba na roba irin na jarirai ba. Jirgi ne sak, da kansa da taragunsa da layin dogonsa, an ƙanƙantar da shi, yana tafiya da lantarki a kan tebur. Yawancin masu yin abin dattawa ne da suka yi ritaya. Za ki ga mutum da furfura ya share shekara goma yana gina tasha ɗaya a saman ɗakinsa, da bishiyoyi da gada da shanu a gefen hanya. Girman da aka fi amfani da shi a Ingila suna kiransa OO, wato an rage jirgin gaske sau 76. A Jamus da Amurka HO ya fi yawa, shi kuma sau 87. Duka biyun a kan dogo iri ɗaya suke tafiya, mai faɗin milimita 16.5. Da yayansu ya ji haka sai ya ɗauki wayata ya yi lissafi: faɗin sabon layin dogon Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne, in aka raba shi gida 87 sai ya ba da 16.5 ɗin nan. Kwana biyu yana faɗa wa duk wanda ya kira mu daga gida. A birnin Hambug na Jamus ma akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, wanda babu na biyunsa a girma a duniya. Kowane minti 15 sai su kashe fitilun ɗakin a yi dare, ƙananan garuruwan su kama da haske. Ba mu je ba, a bidiyo muka gani.

Namu a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi muka samo shi, irin wadda mutane ke baje tsofaffin kayansu a bayan mota. Kan jirgi ɗaya irin na dizal, tarago uku, dogon da in an harhaɗa ya yi da'ira, da akwatin da ake murɗawa a ƙara masa gudu. Ya girmi yaron nesa ba kusa ba, amma yana tafiya. Fitilarsa ta gaba ce ba ta kamawa. Ni a ganina ba komai, jirgi dai ai yana gudu. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Ya ce jirgin da ba fitila makaho ne.

Matar da ta sayar mana ce ta ce akwai ƙungiyar masu wannan harka da ke haɗuwa a wani zauren unguwa sau ɗaya a mako. Na raka shi, don ba zan tura yaro cikin baƙin da ban sani ba shi kaɗai. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce mai hijabi, shi kaɗai ne yaro. Wani dattijo da ya yi aikin lantarki kafin ya ajiye aiki ya karɓi kan jirgin, ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗaga murfin. A ciki ga wani ɗan ƙwan fitila kamar ƙwayar alkama, ya yi baƙi, robar da ke kusa da shi ta ɗan narke. Ya ce irin na da ke nan, mai zaren ƙarfe a ciki: yana zafi, yana shan wuta, yana mutuwa. Yanzu LED ake sawa.

Kin san LED ko da ba ki san sunansa ba. Shi ne ɗan ƙwan da ke cikin tocilar caji, da fitilar sola, da ɗigon hasken da ke nuna waya tana caji. Ja aka fara samu; wani injiniya a Amurka, Nick Holonyak, ya yi shi a 1962. Shuɗi ne ya ba masana wahala shekara da shekaru, har wasu 'yan Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ci nasara, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farin da muke gani a tocila shuɗin nan ne aka shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa. Shi ya sa wata tocilar haskenta ke da ɗan shuɗi-shuɗi mai kashe ido.

Kafin dattijon ya koya wa yaron komai, sai ya ɗauki sabon LED guda, ya ce mu zuba ido, ya haɗa shi kai tsaye da wutar dogon, ya murɗa akwatin har ƙarshe. Ƙwan ya yi wani irin haske, ɗal, ya mutu, sai ɗan wari. Da gangan ya yi. Ya miƙa wa yayansu gawar ya ce ya ajiye a aljihu. Gani ya kori ji.

Ga abin da ya sa ya mutu, kuma in kin riƙe wannan kin riƙe rabin karatun. Ƙwan fitila irin na da yana shan wuta daidai cikinsa. LED ba shi da wannan hankalin. Da zarar ƙarfin wutar ya wuce abin da yake bukata, kamar volt 2 ga ja, kamar volt 3 ga fari, sai ya buɗe baki ya yi ta sha har ya ƙone. Dogon ƙaramin jirgi kuwa yana kaiwa volt 12. Don haka dole a sa masa wani abu a hanya da zai rage kwararar wutar, kamar yadda kike matse tiyo da yatsa. Sunan abin rizisto. Ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar shinkafa, da waya a kowane gefe, da zane-zanen launi a jikinsa. Ba shi da gaba ko baya, duk yadda kika juya shi daidai ne.

Lissafinsa ɗan aji biyar zai yi. A cire abin da ƙwan zai ci daga abin da ake da shi: 12 a cire 3, saura 9. A raba 9 da ƙarfin rizisto. In mai ohm 1,000 ne, amsar ita ce 0.009, wato miliamfa 9. Irin waɗannan ƙananan LED ɗin iyakarsu wajen miliamfa 20, ka ga 9 ta ba shi haske mai kyau ba tare da ta wahalar da shi ba. Na ce "ka ga" saboda haka dattijon ya yi ta maimaita wa yaron da yarensu, har ya iya. Mai ohm 1,000 ana gane shi da zanensa: ruwan ƙasa, baƙi, ja. Yaron da nake fama da shi a kan jadawalin sau bai taɓa tambayata amfanin rabawa ba tun ranar.

Abu na biyu, LED hanya ɗaya yake karɓar wuta. Ƙafa biyu gare shi. Doguwar ita ce ta gefen alamar tarawa (+), gajeruwar ta gefen ɗebewa (−). In an riga an yanke ƙafafun, ki duba gindin ƙwan, za ki ga gefe ɗaya an shafe shi bai yi zagaye ba, nan ne gajeruwar take. In aka juya shi ba zai kama ba. Yara da yawa a nan suke yanke hukuncin ƙwai ya mutu su jefar, alhali juya shi kawai za a yi.

Wannan hali nasa, da za a ɗauka aibi ne, shi ne daɗin abin a jikin jirgi. Shi ƙaramin jirgi ta ƙafafunsa yake shan wuta: ƙarfen dogo na dama ya kawo, na hagu ya mayar. In na dama ne mai tarawa, jirgi ya yi gaba. In aka danna maɓalli aka juya wutar, ya yi baya. To tunda LED hanya ɗaya yake karɓa, in aka ɗaura farin ƙwai a goshin jirgi yadda ya dace, zai kama ne kawai in jirgin na tafiya gaba. Ba maɓalli, ba kwamfuta. Sai dai LED ba ya son a daɗe ana tura masa wuta mai ƙarfi ta baya. Yawancinsu abin da ya wuce volt 5 ta baya yana iya lalata su. Dabarar ita ce a haɗa biyu, fari da ja, kai da ƙafa: doguwar wannan a jikin gajeruwar wancan, su yi tarayya a rizisto ɗaya. Duk inda wuta ta juya ɗaya zai kama, kuma wanda ya kama shi ke kare ɗan uwansa. A gaba biyu, a baya biyu amma a juye. Jirgi na gaba: goshi fari, ƙeya ja. Ya juya: su ma su juya. Ƙwai huɗu, rizisto biyu, shi ke nan.

Wata tambaya da yayansu ya yi ta burge dattijon: me zai hana a jera fari da ja fuska ɗaya a bayan rizisto ɗaya su kama tare? Amsa: ja ya fi saurin buɗe baki, a volt 2 ya fara sha, sai ya shanye ya bar farin a duhu. In ana so su kama tare, kowa da nasa rizisto.

Akwai sabon tsari da suke kira DCC, inda ake sa ɗan guntun kwamfuta a cikin kowane kan jirgi, wuta na kan dogo kullum, fitila ta kama ko jirgi na tsaye. A nan shuɗiyar waya ce mai tarawa, fara ta tafi fitilar gaba, mai ruwan ɗorawa ta tafi ta baya, kuma rizisto dai yana nan. Kuɗinsa ya fi ƙarfinmu yanzu, na wuce shi.

Yanzu bari in zo inda na shigo ciki, don ba rakiya kawai na yi ba. Wurin fitila a goshin jirgin bai kai ƙwayar gero biyu ba. Wayoyin kamar gashi. Dattawan nan ilimi gare su, amma hannu ya fara rawa, ido ya yi rauni. Yaro kuma ido gare shi amma ba haƙuri. Ni da na yi shekaru ina zura zare a allura da ɗinkin hula, sai na ga ai aikin bai fi wannan ba. Da hantsaki na riƙe, na zura wayar ta ramin, na kwantar da ita gefen inji yadda ba za ta taɓa abin da ke juyawa ba. Wani a cikinsu ya tambaye ni ko a asibiti nake aiki. Na ce a'a, hula nake ɗinkawa. Sai da na nuna masa hoto a waya.

Sauran ƙananan dabaru a gida muka yi su a teburin kicin. Farin LED iri biyu ne, mai shuɗi-shuɗi da mai ɗumi kamar hasken fitilar ƙwai. Tsohon jirgi mai ɗumin ya fi dacewa da shi. Hasken yana ratsa robar jikin jirgin har duk goshin ya riƙa ƙyalli kamar an kunna kyandir a cikin ƙwarya, sai muka shafa baƙin fenti ta ciki. Kowace mahaɗar waya a rufe ta, ko da salatif ɗin lantarki ko da 'yar robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, don in tsirarar waya biyu suka haɗu aiki ya ɓaci. In kuma fitila na ƙyaftawa jirgi na tafiya, kafin a zargi haɗin a goge dogo da ƙafafun jirgi da tsumma, yawanci datti ne.

Sai dattijon ya gaya mana dalilin jar fitilar baya, abin da ban taɓa tunani a kai ba duk da na tashi ina jin kukan jirgi a Zariya. A da, ma'aikacin da ke zaune a ɗakin ba da hannu a gefen dogo ba ya cewa jirgi ya wuce sai ya ga jar fitilar nan a jikin taragon ƙarshe. In jirgi ya wuce babu ita, to wani tarago ya tsinke ya tsaya a hanya cikin duhu, kada a saki wani jirgin ya biyo. Har yau jiragen ƙasar nan ba sa tafiya babu ita. Yayansu ya ce ke nan tamu a ƙeyar kan jirgi ba ta isa ba, sai an sa wa taragon ƙarshe. Aiki ya ƙaru.

Na san abin da kike cewa: ina ni ina jirgin Turawa, a Funtuwa ko Maraɗi? Ba sai da shi ba. Yayyena da karan dawa da gwangwanin madara suke ƙera mota, su yanka tsohon silifa su yi taya. Yaran yanzu har fitila suke sa wa tasu, daga matacciyar tocila suke cirowa. Ilimin ɗaya ne, ƙafa doguwa da gajeruwa, da rizisto. Mai gyaran rediyo ko talabijin na bakin kasuwa yana da rizisto, tsohon allon rediyo ma cike yake da su. In da batir biyu irin na rimot yaro zai yi, volt 3 ke nan: farin ƙwai zai kama, ja kuma a sa masa mai ohm 100, zanensa ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. In batirin nan ne mai kusurwa huɗu na volt 9, mai ohm 1,000 ɗin nan ya wadatar.

Amma akwai inda ba na sassauci, kuma ina roƙonki kada ki sassauta.

Soket ba wurin gwaji ba ne. Wutar gida volt 230 ce, a Najeriya da nan duka, tana kisa. Volt 12 na dogo ko an taɓa ba a jin komai, shi ya sa yaro zai iya ɗauka duk wuta haka take. Ki gaya masa da baki, ki maimaita: batir nasa ne, bango ba nasa ba ne. Akwatin da ake sawa a soket ma ba a buɗe shi. Haka tocilar caji mai ƙafa biyu da ake cusawa a bango, ba a kwance ta tana jone.

Batirin waya, da na fawabank, da na tsohuwar kwamfuta, su ma a raba shi da su. In waya ta haɗa bakinsu biyu, ko aka huda su, ko aka lanƙwasa, suna iya kamawa da wuta. Wanda ya kumbura a fitar da shi daga ɗaki.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mafi ƙanƙanta: batirin nan mai kama da kwabo, na agogo da makullin mota da wasu kayan wasa. Masu wannan harka suna son sa don gwada LED, a matse ƙafafun ƙwan a gefe da gefensa a ga ko yana kamawa. In ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale a hanyar abinci, cikin awa biyu zai iya ƙona wurin ƙuna mai tsanani, kuma da farko ba lallai a ga alama ba. Ba a jira, ba a sa shi amai, asibiti kai tsaye, a gaya musu batir ne. Ina da 'yar shekara biyu mai kai komai baki. A gidana wannan batirin a jakata yake kwana, ni ke bayarwa, ni ke karɓa.

Sai ƙarfen da ake narka dalma da shi a liƙe waya. Zafinsa na kaiwa digiri 350, kusan ninki biyu na man da kike suyar ƙosai. Yayansu yana riƙewa, amma sai ina zaune, taga a buɗe, ƙanwarsa ta yi barci. In an gama a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, don dalma guba ce ga yara. In babu babba a kusa, a murɗe wayoyin da hannu a naɗe da salatif, ga motar gwangwani hakan ya isa.

Ba zan ce miki yaron ya rabu da waya ba. Yana nan da ita, sai dai rabin abin da yake kallo yanzu yadda ake haɗa fitila ne. Ba zan ce ya yi abokai sa'anninsa ba. Abokansa mafi kusa sun haura saba'in, ɗaya ma kunnensa sai an ɗaga murya. Amma ranar haɗuwa tun kafin in gama kwashe kwanuka ya sa takalmi, kuma a hanya surutu yake yi mini har mu isa. Malamarsu ta ce ya kai kan jirgin aji ya yi bayanin abin da ya sa fitilar ke juyawa, yara suka kewaye shi. Babansu, da ya ce mun sayo tarkace, shi ne yanzu ke kashe fitilar falo don a ga hasken sosai. Ƙwai da rizisto ba su da tsada. Jirgin ne ke cin kuɗi in an biye masa, don haka na kafa doka, sabon tarago sai sallah.

Ta tsakiyar, mai shekara 8, ta ce ita ba ruwanta da kan jirgi, cikin taragun take so a haska don fasinjoji su ga juna. Wannan ya fi wuya, saboda taragun namu ƙafafun roba gare su, ba sa shan wuta daga dogo. Ko dai a canza musu na ƙarfe, ko a ɓoye batir a ƙarƙashin kujeru. Yayansu na son na farko, ni na fi son duk wanda ba batirin kwabo a ciki, ita kuma ta riga ta yanka 'yan mutane na kwali ta zaunar da su, har da mai tallan gyaɗa a bakin ƙofa. In naki ya taɓa haska motar gwangwaninsa, ki rubuta mana a ƙasa da me ya yi, da kuma abin da ya kwance a gidan kafin ya samu ƙwan.